Babi na Shida: Lissafin Zafin da ke Zurarewa daga Gida

A ƙasashen da hunturu ke zuwa da ƙanƙara, irin su Birtaniya da Jamus da Kanada da arewacin Amurka, babu abin da ke cin kuɗin makamashin magidanci kamar ɗumama ɗakuna, har ma alƙaluman Tarayyar Turai sun nuna cewa wannan aiki kaɗai yana lashe fiye da kashi 60 cikin 100 na dukan makamashin da ake amfani da shi a gidajen zama. Dalilin haka a fili yake, domin ɗabi'ar zafi ce ya bar inda yake da yawa ya nufi inda yake kaɗan, saboda haka muddin cikin gida ya fi waje ɗumi, zafin zai yi ta ratsa bango da rufi da tagogi da daɓe yana ficewa, wani kuma ya bi iskar da ke kurɗawa ta ƙarƙashin ƙofa da sauran kafofi. Gidan da ake ɗumamawa tamkar randa ce mai tsaga da ake son ta zauna a cike, wadda iyakar abin da ya tsiyaye daga gare ta shi ne iyakar abin da za a ƙara mata. Manhajojin kwamfuta da wannan babi ya ƙunsa an ƙirƙire su ne domin su faɗi yawan abin da ke tsiyayewa, da inda yake bi, da kuma gyaran da zai fi rage shi ba tare da ɓarnar kuɗi ba. Lissafin da suke yi tabbatacce ne tun da daɗewa, amma amsar da suke bayarwa ba ta wuce ingancin bayanan da aka ɗura musu, kuma a nan ne mafi yawan kurakuran wannan fanni suke fitowa.

Tushen lissafin

Ginshiƙin wannan ilimi ya girmi kwamfuta da fiye da ƙarni guda, domin tun a shekarar 1822 masanin lissafi ɗan Faransa, Joseph Fourier, ya bayyana cewa yawan zafin da ke ratsa abu mai kauri yana ƙaruwa gwargwadon faɗinsa da gwargwadon bambancin zafin ɓangarorinsa biyu, yana kuma raguwa gwargwadon kaurinsa. Injiniyoyin gini sun dunƙule wannan ƙa'ida cikin lamba guda da suke kira ƙimar U, wato adadin wat na zafi da ke ratsa murabba'in mita ɗaya na bango ko rufi ko taga idan cikin gida ya ɗara waje zafi da digiri ɗaya. Ƙaramar lamba ita ce abin so. Tagar gilashi mai falle ɗaya tana da ƙimar da ta kusa 5.7, tsohuwar taga mai falle biyu da iska a tsakani tana wajen 2.8, ta zamani mai falle uku kuwa takan sauko ƙasa da 1. Rufin da aka shimfiɗa wa makarin zafi, wato abu mara nauyi kamar audugar gilashi ko soso mai tauri wanda ke riƙe iska a cikinsa ya hana zafi wucewa, yakan sauko daga sama da 2 zuwa 0.3 ko ƙasa da haka.

Hanya ta biyu da zafi ke bi ita ce iska. Duk iskar da ta shigo daga waje sai an ɗumama ta, wadda ta fita kuma da zafinta take fita, kuma tun da ɗaga zafin kubik mita ɗaya na iska da digiri ɗaya yana cin kimanin 0.33 na wat-awa, ana samun wannan asara ne ta ninka 0.33 da girman cikin gidan da kuma yawan sau da iskar gidan ke sauyawa gaba ɗaya a cikin sa'a guda.

Misali zai fi bayyana yadda abin ke tafiya. A ɗauki wani tsohon gidan jan bulo irin na biranen Ingila, mai hawa biyu, wanda faɗin bangayensa na waje ya kai murabba'in mita 80 bayan an cire tagogi, ƙimarsu kuma 1.7, wato suna zubar da wat 136 a kan kowane digiri. Rufinsa mai murabba'in mita 45 da ƙimar 0.3 yana zubar da kimanin 14, tagoginsa masu murabba'in mita 15 da ƙimar 2.8 suna zubar da 42, daɓensa mai murabba'in mita 45 da ƙimar 0.7 yana zubar da kimanin 32. Idan cikin gidan kubik mita 220 ne, kuma kashi uku cikin huɗu na iskarsa ke sauyawa a kowace sa'a, iska za ta tafi da kimanin 54. Jimilla ta zama wat 278 a kan kowane digiri, kuma wannan lamba, wadda za a riƙa kira ma'aunin zurara na gidan, ita ce zuciyar dukan abin da manhajojin ke nema. A daren da sanyi ya kai digiri 3 ƙasa da sifiri, alhali mutanen gidan suna son digiri 21 a ciki, bambancin digiri 24 ne, saboda haka gidan yana bukatar na'urar da za ta iya ba da kimanin kilowat 6.7 ba tsayawa.

Domin sanin abin da gidan zai ci a shekara, ana amfani da abin da ake kira digiri-kwana, wato a tara yawan digirin da matsakaicin zafin kowace rana ya gaza wani mizani da aka tsayar. A Birtaniya mizanin da aka saba da shi digiri 15.5 ne, an kuma ajiye shi ƙasa da zafin da ake so a ɗaki ne saboda jikin mutane da girki da firji da hasken rana da ke shigowa ta taga duk suna ba da wani zafi kyauta, kuma mutum ɗaya da ke zaune yana fitar da kusan wat 100. Inda digiri-kwana ya kai 2,000 a shekara, gidan misalin nan zai bukaci kimanin kilowat-awa 13,000 na zafi, kuma kilowat-awa shi ne abin da masu mitar kati a Kano ko Yamai suka sani da suna yunit.

Daga takarda zuwa kwamfuta

Lissafin da ya gabata ana iya yin sa da biro a bayan ambulan, kuma haka aka daɗe ana yi. Aibinsa shi ne yana ɗauka cewa yanayi tsaye yake wuri ɗaya, alhali rana tana fitowa ta faɗi, iska tana tashi ta kwanta, bango mai nauyi kuma yana shan zafi da rana ya sake shi bayan sa'o'i da dama. Bin sawun waɗannan sauye-sauye a cikin sa'o'i 8,760 na shekara aiki ne da sai kwamfuta, kuma abin da ya zaburar da gwamnatoci su zuba kuɗi a kansa shi ne tashin farashin man fetur na shekarar 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka tsuke bakin famfo. A cikin shekarun da suka biyo baya aka samar da DOE-2 a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya, da BLAST wadda rundunar sojan Amurka ta ɗauki nauyinta, da TRNSYS a Jami'ar Wisconsin wadda aka fara ginawa domin na'urorin ɗumama ruwa da hasken rana, da kuma ESP-r wadda Joe Clarke ya assasa a Jami'ar Strathclyde ta birnin Glasgow. A shekarar 2001 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar da EnergyPlus, wadda ta gaji abubuwan da suka fi ƙarfi a cikin DOE-2 da BLAST, kuma har yau kyauta ake sauke ta, ita ce ma injin da ke aiki a ƙarƙashin wasu manhajoji masu sauƙin sarrafawa kamar OpenStudio da BEopt da DesignBuilder.

Irin waɗannan manhajoji suna raba gida zuwa sassa, suna raba shekara zuwa gutsattsarin lokaci na sa'a guda ko 'yan mintoci, sannan a kowane gutsure su daidaita zafin da ya shiga kowane sashe da wanda ya fita da wanda ya maƙale a jikin gini. Abincinsu na farko shi ne fayil ɗin yanayi, wanda ke ɗauke da zafin iska da laima da ƙarfin rana da gudun iska na kowace sa'a, kuma yawanci ba shekara ce ta gaske ba, haɗe-haɗen watanni ne da aka tsinto daga shekaru masu yawa domin su wakilci abin da aka saba gani a wurin. Domin a tabbatar ba su kauce ba, ana gwada su da jerin gine-ginen gwaji na ƙa'idar ASHRAE mai lamba 140, inda ake ba manhajoji daban-daban gini iri ɗaya a ga ko amsoshinsu za su zo kusa da juna. Sai dai yawan abin da manhaja ke iya lissafawa yana tafe da yawan tambayoyin da take yi wa mai amfani da ita, kuma wanda aka yi wa tambaya ɗari biyar alhali amsar hamsin kaɗai ya sani, sauran zai bar su ne a kan abin da masu manhajar suka ajiye tun asali. Sakamakon zai fito da lambobi masu ɗigo da zane-zane masu launi, wanda hakan kan sa mai karatu ya ba shi amanar da bai cancanta ba.

Hanyoyi biyu na Turai

Turai ta fi karkata ga lissafi mai sauƙi na wata-wata, kuma misalai biyu sun isa su nuna cewa sauƙin lissafi ba shi ne ke yanke ingancin sakamako ba. Na farko shi ne SAP na Birtaniya, wanda cibiyar binciken gine-gine ta BRE ta tsara a farkon shekarun 1990, aka kuma mayar da shi hanyar da hukuma ke bi wajen tantance ko sabon gida ya cika ƙa'idar gini. A shekarar 2005 aka fitar da taƙaitaccen nau'insa mai suna RdSAP domin tsofaffin gidaje, kuma da shi ake rubuta takardar shaidar ingancin makamashi da aka wajabta tun 2007 a Ingila da Wales, wadda ke ba gida daraja daga A zuwa G. Mai tantancewa yakan zagaya gidan na ɗan lokaci, ya auna ɗakuna, ya leƙa saman silin, ya duba tukunyar ɗumama ruwa, amma ba ya fasa bango ya ga abin da ke ciki, saboda haka manhajar ce ke zaɓa wa bangon ƙimar U daga tebur bisa shekarun ginin da irin kayansa. Haka kuma tana ɗauka cewa kowane falo ana riƙe shi a digiri 21 na wasu sa'o'i ƙayyadaddu, kuma darajar da take bayarwa a kan matsakaicin yanayin ƙasar take, ko gidan yana kudu mai sauƙin sanyi ko yana can arewa. An yi haka da gangan ne domin a iya kwatanta gida da gida, kuma a wannan fuska tsarin ya yi aikinsa. Matsalar ta taso ne sa'ad da aka ɗora wa takardar nauyin da ba don shi aka yi ta ba, har ta kai tun 2018 doka ta hana ba da sabuwar hayar gidan da darajarsa ta gaza E, magidanta kuma suka riƙa karanta ta a matsayin hasashen kuɗin da za su biya.

Na biyu shi ne PHPP na Jamus, wanda ba wani abu ba ne face teburin lissafi na Excel mai shafuka da yawa. Ya samo asali ne daga aikin masanin kimiyyar fiziks Wolfgang Feist, wanda ya jagoranci gina gidaje huɗu a jere a unguwar Kranichstein ta birnin Darmstadt a 1991, ya kafa cibiyar Passivhaus a 1996, aka kuma fitar da teburin a 1998. Sharuɗɗan tsarin gini na Passivhaus masu tsauri ne, domin ba a yarda ɗumama gida ya ci fiye da kilowat-awa 15 a kan kowane murabba'in mita a shekara ba, ko kuma bukatarsa a ranar da ta fi sanyi ta wuce wat 10 a kan murabba'in mita. Abin da ya ba PHPP sunan da yake da shi na faɗin gaskiya shi ne ba ya barin mai zane ya yi zato. Dole a shigar da kowace taga da firam ɗinta daban, da inuwar da ginin maƙwabta ke jefa mata, dole a lissafa kowace gadar zafi, wato wurin da ƙarfe ko kankare ya ratsa makarin zafi ya zama gajeriyar hanyar fita, kamar bakin baranda ko mahaɗar bango da daɓe, wanda akan yi da manhajoji na musamman irin su THERM. Sannan bayan an gama gini dole a gwada shi a aikace. A rukunonin gidajen da aka gina bisa wannan tsari aka kuma bi diddiginsu, matsakaicin abin da aka auna ya zo kusa da abin da aka lissafa, ko da yake tsakanin iyali da iyali akan sami bambanci mai yawa.

Gwajin da ake magana a kai shi ne na ƙofar fanka. Ana rufe tagogi da ƙofofin waje, a cusa wani firam mai tamfal a bakin ƙofa ɗaya, a ɗaura masa babbar fanka mai ma'auni, sannan a zuƙe iskar gidan har bambancin matsin iska tsakanin ciki da waje ya kai faskal 50. Yawan iskar da fankar ke ja domin riƙe wannan matsi shi ne yawan iskar da ke shigowa ta kafofin ginin, kuma yayin da fankar ke aiki mai gwaji yakan bi bango da ɗan abin hayaƙi yana ganin inda hayaƙin ke karkata, a gindin soket, a kewayen bututun banɗaki, a ƙarƙashin katakon daɓe. Tsarin Passivhaus bai yarda iskar gida ta sauya fiye da sau 0.6 a sa'a a wannan matsi ba, alhali tsofaffin gidaje da yawa sun haura sau 10.

Inda lissafi da gini suka raba hanya

Tazarar da ke tsakanin abin da manhaja ta faɗa da abin da gida ke ci a zahiri ta zama fagen bincike mai zaman kansa, kuma Ingila ta ba da darussa biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko ya fito ne daga rukunin gidaje na Stamford Brook kusa da Altrincham, inda masu bincike daga jami'ar da a yau ake kira Leeds Beckett suka auna sababbin gidaje a tsakiyar shekarun 2000. Hanyarsu ita ce su kwashe kwanaki da yawa suna riƙe gidan da babu kowa ciki a digiri 25 da hita na lantarki da fankoki, suna rubuta wutar da aka ci da zafin waje, wanda daga nan ake fitar da ma'aunin zurara na ainihi. Sun tarar asarar ta zarce hasashe da nisa, musamman a gidajen da ke tsakiyar jeri, kuma da suka bi sawu sai suka gano cewa bangon da ya raba gida da gida ne ke zubar da zafin. A lissafin hukuma na wancan lokaci ƙimar wannan bango sifiri ce, bisa hujjar da kowa zai yarda da ita, cewa gidaje biyu masu ɗumi iri ɗaya ba su da abin da za su ba juna. Amma bangon falle biyu ne da rami a tsakani, ramin kuma a buɗe yake ta sama da gefe, saboda haka iska mai sanyi tana shiga, ta sha zafin gidajen biyu, ta haura ta fice ta ƙarƙashin rufi. Babu manhajar da za ta iya ganin wannan, tun da ba a ba ta gurbin da za a rubuta shi ba. A ƙa'idar gini ta 2010 aka gyara, aka ba irin wannan bango ƙimar 0.5 idan ba a cike ramin ba kuma ba a toshe bakinsa ba.

Darasi na biyu kishiyar na farko ne. Shekara da shekaru RdSAP yana ba bangon jan bulo mara rami ƙimar 2.1, sai da aka manna faifan auna zafi a jikin bangaye na gaske a gidaje masu yawa, aka bar su na makonni, sannan aka ga cewa yawancinsu ba su kai haka zubarwa ba, saboda sun fi kaurin da aka zata kuma akwai 'yan ramukan iska a cikin ginin nasu. A 2017 aka sauko da lambar zuwa 1.7. Gyaran yana da nauyi a aljihu, domin duk wanda aka lissafa masa ribar manna makarin zafi a bangonsa bisa tsohuwar lamba, an yi masa alkawarin rangwamen da ba zai gani duka ba.

Sai kuma mutanen da ke cikin gidan, waɗanda su ne manhaja ta fi jahilta. A wani nazari da Minna Sunikka-Blank da Ray Galvin na Jami'ar Cambridge suka buga a 2012 bisa bayanan gidaje 3,400 na Jamus, an ga cewa a matsakaici mazauna suna cin makamashin da ya gaza abin da aka lissafa wa gidajensu da kimanin kashi 30 cikin 100, kuma gwargwadon lalacewar gida gwargwadon faɗin tazarar. Wanda ke zaune a gida mai zubar da zafi ba ya ɗumama dukan ɗakuna, yakan rufe wasu, ya ƙara sutura, ya kashe na'ura da wuri. Idan aka gyara masa gidan, wani kaso na ribar zai tafi ne wajen samun ɗumin da a da yake haƙura da rashinsa, wanda alheri ne ga lafiyarsa, musamman tsofaffi da yara, amma ba zai bayyana a takardar biyan kuɗi ba. Tsarin tallafi da aka gina a kan lambar manhaja kaɗai yana iya jefa talaka cikin bashin gyara da fatan ragin da ba shi da inda zai fito.

Abin da famfon zafi ya sauya

Shekaru da yawa kuskuren lissafi bai dami kowa ba a Birtaniya, saboda tukunyar gas da ake sakawa a gidaje takan kai kilowat 24 zuwa 30, an kuma zaɓi wannan girma ne domin ruwan wanka ya yi zafi nan take, saboda haka ta ninka bukatar ɗumama gida sau uku ko huɗu. Famfon zafi ya kawo ƙarshen wannan sakaci. Na'ura ce mai aiki kamar firji a juye, tana ɗebo zafi daga iskar waje ta tura shi cikin ruwan da ke zagaya ɗakuna, kuma da yunit ɗaya na lantarki takan ba da yunit 3 ko 4 na zafi, amma ribar tata tana raguwa gwargwadon yadda aka tilasta mata ta ƙara wa ruwan zafi. Wadda ke aiki da ruwa mai digiri 35 ta fi wadda ke aiki da mai digiri 55 arha sosai, kuma kafin ruwa mai ɗan ɗumi ya wadatar da ɗaki dole radiyetar ɗakin, wato faifan ƙarfen da ruwan ke bi ta cikinsa ya saki zafi, ta yi daidai da asarar wannan ɗakin. Shi ya sa tsarin MCS, wanda sai da shaidarsa ake samun tallafin gwamnati na fam 7,500 domin saka famfon zafi a Ingila da Wales, ya wajabta lissafin ɗaki-ɗaki bisa ƙa'idar Turai ta EN 12831, kamar yadda Manual J ke yi wa masu wannan sana'a jagora a Amurka.

A koma ga gidan misalin nan a ga yadda zato ke juya amsa. Idan mai lissafi ya ɗauki tsohuwar ƙimar bango ta 2.1, ya kuma ɗauki sauyin iska sau 1.5 a sa'a, wanda shi ne abin da teburan sana'ar ke ba falon tsohon gida, ma'aunin zurara zai haura zuwa 365, bukata ta zama kusan kilowat 8.8. Idan kuwa gwajin ƙofar fanka ya nuna cewa rabin iskar gidan kawai ke sauyawa a sa'a, bangon kuma 1.7, amsar za ta sauko zuwa kimanin kilowat 6.2. Gida ɗaya, manhaja ɗaya, amma tazarar ta haura kashi 40 cikin 100, kuma a kanta ne za a yanke girman na'urar da za a saya da yawan radiyetocin da za a sauya. Na'urar da ta yi wa gida girma takan riƙa tashi tana mutuwa a ranakun da sanyi bai yi tsanani ba, wanda ke cin wuta yana kuma gajiyar da ita, wadda ta yi ƙanƙanta kuma takan bar mutane cikin sanyi a makon da suka fi bukatarta.

Laima, zafin bazara, da ƙasashen rana

Akwai tambayoyin da lissafin asarar zafi ba ya amsawa ko kaɗan. Idan aka manna makarin zafi a cikin tsohon bango ta ɓangaren ɗaki, bulon da ke bayansa zai ƙara sanyi, ya rage bushewa, kan katakon da ke cikinsa kuma ya iya ruɓewa a ɓoye, kuma hasashen wannan sai manhaja irin WUFI ta cibiyar Fraunhofer a Jamus, wadda ke bin tafiyar ruwa da tururi a cikin bango shekara bayan shekara. Haka nan gidan da aka toshe sosai domin hunturu yana iya zama tanda a bazara. Zafin da ya afka wa Turai a 2003 ya yi sanadin mutuwar kimanin mutum 15,000 a Faransa, a watan Yulin 2022 kuma ma'auni ya haura digiri 40 a Ingila a karon farko, a shekarar da ƙa'idar gini ta ƙasar ta fara tilasta wa masu sababbin gidaje su nuna cewa ba za su yi zafi fiye da kima ba. Wannan tambaya lissafin wata-wata ba ya iya mata, domin matsakaicin wata yana ɓoye la'asar ɗin da ta fi kowace zafi.

Ta wannan kafa ce fannin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Ƙa'idar Fourier ba ta san alƙibla ba, kuma abin da ke zubar da zafi a Leeds shi ne ke shigo da shi a Sakkwato ko Damagaram, inda rufin kwano mara silin ke sauke zafin rana a kan mutane a watan Afrilu, ya kuma bar ɗaki ya huce ƙwarai da asubar hunturu. Ginin tubali mai kauri da rufin soro na azara ƙimar U ɗinsa ba abin yabo ba ce a tebur, amma nauyinsa yana jinkirta zafin rana sa'o'i da dama, kuma a yankin da dare da rana ke da bambancin digiri 15 ko fiye a lokacin rani, wannan jinkiri shi ne rabin jin daɗin ɗaki. Manhaja mai lissafin tsayayyen yanayi za ta yi wa irin wannan gini rashin adalci, mai bin sa'a-sa'a irin EnergyPlus ce kaɗai za ta nuna ƙarfinsa da kuma rauninsa, wato daren bazara da bangon ke sakin zafinsa a ɗaki har mutane su fita kwana a tsakar gida. Najeriya ta fitar da ƙa'idar ingancin makamashi a gine-gine a 2017, wadda ta taɓo girman tagogi da inuwarsu da makarin zafi a rufi da ingancin na'urorin sanyaya ɗaki, kuma fayilolin yanayi na birane kamar Kano da Yamai suna samuwa. Abin da ya fi bukatar aiki shi ne awon kayan ginin wurin, domin bulon siminti da ake bugawa a bakin titi da tubalin da aka kwaɓa da ƙasar unguwa ba lallai su dace da lambobin da aka auna a ɗakunan gwaji na Turai ba, kuma abin da ya faru da bangon jan bulo na Ingila ya nuna girman kuskuren da lambar aro ke iya haifarwa.

A Birtaniya kanta an fara juyawa zuwa ga awo. Mitoci masu aika bayanai da kansu suna rubuta abin da gida ya ci a kowane rabin sa'a, kuma gwamnati ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna SMETER domin gwada hanyoyin fitar da ma'aunin zurara daga waɗannan bayanai tare da 'yan na'urorin auna zafin ɗaki, ba tare da an fitar da mazauna gidan ba. A watan Disamba na 2023 kuma aka gabatar wa jama'a daftarin manhajar da za ta gaji SAP, mai suna Home Energy Model, wadda ke lissafi rabin sa'a bayan rabin sa'a maimakon wata-wata, domin ta iya bin aikin famfon zafi da batir da farantin sola da farashin wuta mai sauyawa a cikin yini, an kuma buɗe rubutun manhajar ga duk mai son ya bincika yadda take kaiwa ga amsarta.